Kai ne babba yanzu, kar ka yi kuka

A wurin zaman makoki akwai wata magana da ake yi wa yara maza wadda ta daɗe tana damuna. An dawo daga maƙabarta, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, sai a kira ɗan mamacin, yaro ɗan shekara 11 ko 12, a zaunar da shi cikin manya. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya dafa kansa ya ce, "Kai ne babba yanzu. Kar ka yi kuka, ƙannenka suna kallonka." A cikin gida kuwa 'yan'uwansa mata suna jikin inna da gwaggo, ana rarrashinsu, ana share musu hawaye, ana lallaɓa su su sha kunu. Masu faɗin maganar da kyakkyawar niyya suke faɗa, su ma haka aka gaya musu suna yara. Amma abin da ya shiga kunnen yaron shi ne, daga yau baƙin cikinsa nasa ne shi kaɗai.

Ni malami ne a wata makarantar sakandare ta maza a Funtua, ina da 'ya'ya, ina da 'ya'yan 'yan'uwa, don haka abin nan ina ganinsa a gida, ina ganinsa a aji. Tun kafin yaro ya iya ɗaura wando ake fara masa. Ya faɗi ya ƙuje gwiwa, a ce, "Tashi, namiji ba ya kuka." Sanyi ya shigo, wanzami ya yi wa yaran unguwa kaciya, wanda ya cije a yi ta yabonsa, wanda ya kwarma ihu kuwa sai ya shekara ana tsokanarsa. A makaranta gwarzon aji shi ne wanda ya shanye bulala bai motsa ba. 'Yan'uwanmu Fulani suna da sharo, inda saurayi zai tsaya a tsula masa tsumagiya yana murmushi. Jure zafin jiki abu ne mai amfani, manomi yana buƙatarsa, mai jinya yana buƙatarsa, kuma ina koya wa nawa 'ya'yan. Damuwata ita ce yaro ba ya iya raba zafin bulala da zafin maraici. Dokar da aka ba shi a kan na farko ita yake ɗauka ya ɗora a kan na biyu, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa ba haka ake nufi ba.

In aka hana yaro kuka, aka hana shi cewa yana jin tsoro, aka hana shi cewa yana kewar wani, abu ɗaya ne ya rage masa wanda ba za a kira shi rago a kansa ba, shi ne fushi. Fushi kam an yarje masa, har a ce, "Yaron nan akwai zuciya." Tun da matsalar 'yan bindiga ta tsananta, azuzuwanmu suka cika da yaran da iyayensu suka baro ƙauyukan Faskari, Sabuwa da Ɗandume. Wasu sun kwana cikin dawa suna jin harbi, wasu a gabansu aka tafi da mahaifinsu. Ba za ka ji ɗayansu ya ce, "Malam, ina jin tsoro" ba. Abin da za ka gani shi ne yaro yana gyangyaɗi a aji saboda da dare ba ya iya runtsawa, ko ya zabura in salansar babur ta yi ƙara, ko kullum ciwon kai da ciwon ciki, a yi ta zarya kemis ana sayen maganin taifot, ko ya rufe ɗan'uwansa da duka a kan biro. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to waɗannan yaran fuskar ma an koya musu su ɗaure ta.

Nakan tuna yaran makarantar kimiyya ta Ƙanƙara da aka kwashe daren 11 ga Disamba 2020, aka sako 344 ranar 17 ga watan. Duk mun ga hotunansu, sun yi buɗu-buɗu da ƙura, da yawa ba takalmi. Mun yi hamdala, kuma ta cancanta. Abin da ya tsaya min a rai tun lokacin shi ne, bayan an gama murna 'yan barka sun watse, daren da yaro ya farka a firgice a ɗakinsu, wa ya gaya wa?

Abin da ba a faɗa ba yakan nemi wata hanyar fita. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda, kuma uku cikin kowane huɗu maza ne. A watan Mayun shekarar ne gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Ba na cewa duk ɗan ƙwaya yaro ne da aka hana kuka. Akwai talauci, akwai zaman banza, akwai miyagun abokai da dillalai marasa tsoron Allah. Sai dai tsofaffin ɗalibaina da suka faɗa wannan hali, waɗanda na samu muka zauna, amsarsu kusan iri ɗaya ce: "Malam, don in samu barci nake sha," ko "don in daina tunani." In abin ya kai nan sai mu sa masa suna kangararre, mu shiga neman gidan mari. A watan Satumba 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyaye da yawa da hannunsu suka kai 'ya'yansu, suna neman gyara. Yaron da bai samu mai saurarensa yana ɗan shekara 10 ba, shi muke sa wa mari yana ɗan 18.

Wani lokaci akan jingina wannan hani da addini, a ce kuka rashin tawakkali ne. Wannan kam bai da tushe. Lokacin da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) yake gargara, idanun Annabi suka zubar da hawaye. Abdurrahman bn Auf ya ce, "Har kai ma, ya Manzon Allah?" Ya ce masa, "Ya ɗan Auf, wannan rahama ce." Ya ƙara da cewa ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba za mu faɗi komai ba sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa, yaga tufafi, marin fuska, da maganganun ƙin ƙaddara. Annabi Yaƙubu (AS), wanda ya ce zai yi haƙuri mai kyau, shi ne ya yi baƙin cikin Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma a gaban 'ya'yansa ya furta baƙin cikin, har suka ce masa ba zai daina ambaton Yusufu ba sai ya halaka.

Labarin da ya fi taɓa ni ma ba na mutuwar mutum ba ne. Anas bn Malik yana da ƙane ƙarami da ake wa alkunya da Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, sai tsuntsun ya mutu. Annabi (SAW) ya shigo ya ga yaron a takure, ya tambaya me ya same shi, aka gaya masa. Sai ya juya wurinsa ya ce, "Ya Aba Umair, ina labarin ɗan tsuntsu?" Mutumin da ke ɗauke da nauyin al'umma gaba ɗaya ya lura da fuskar yaro, ya ɗauki damuwarsa da muhimmanci, ya buɗe masa hanyar magana. Da a unguwarmu ne, abin da yaron zai ji shi ne, "A kan tsuntsu kake ɓata rai? Tashi ka ba mu wuri." Haka kuma lokacin da Aƙra'u bn Habis ya ga Annabi ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa.

A nan ne nake rabuwa da wasu abokaina 'yan boko, masu ɗora laifin duka a kan kunyar Bahaushe. Gaskiya ne a gidajenmu akwai kunya tsakanin iyaye da ɗa, musamman ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, uba ba ya wasa da shi a gaban mutane, wani ko ɗaukarsa ba ya yi. Amma waɗanda suka kafa wannan kunya ba su bar yaro haka nan ba. Sun ba shi kaka. Ɗakin kaka nan ne mafakar duk yaron da aka doka, can zai ruga ya yi kukansa ya ƙoshi, ta kira shi maigidanta, ta tsokane shi har ya yi dariya, ta ciro masa gyaɗa ko ƙuli-ƙuli daga cikin kwalla, da dare ta yi masa tatsuniya. Sun ba shi kakansa namiji da yake wasa da shi ba shamaki. Sun ba shi kawu, wanda zai iya gaya wa abin da ba zai iya gaya wa uba ba, da gwaggo mai ɗaukar riƙo, da taubasai. Uba yana riƙe da kwarjini, wasu suna riƙe da rarrashi, yaro kuma ya san ƙofar da zai bi in ransa ya ɓaci.

Yanzu dubi yadda muke zaune. Ɗaki biyu a gidan haya, kaka tana ƙauye ko tana gudun hijira a wani gari, kawu yana Abuja ko Legas yana nema, uba ya fita bayan asuba sai bayan isha'i, uwa tana fama da girki da sana'a da goyo. Kunyar tana nan yadda take, masu rarrashin ne suka watse. Abin da ya maye gurbinsu shi ne waya, da majalisar samari a bakin layi, inda duk wanda ya nuna rauni ya zama abin dariya. Ni a ganina wannan giɓin ne ya kamata mu cike da gangan, tunda tsarin gidajenmu ya daina cike mana shi da kansa.

Mijin ƙanwata ya rasu ya bar yara huɗu, babbansu namiji yana ajin farko na ƙaramar sakandare. A zaman makoki bai zubar da ɗigon hawaye ba, kowa yana cewa yaron nan akwai tawakkali. Ba a jima ba mahaifiyarsa ta kira ni. "Yaya, ɗan nan naka ya canza. Ba ya cin abinci, ƙannensa ba su da sakat, ga shi ya koma fitsarin kwance. In na yi magana sai ya fice."

Ban kira shi ɗaki na tsare shi da ido ba, don na san yaranmu. In babba ya zaunar da kai yana kallonka, laifi ka yi, sai ka sunkuyar da kai ka ce ba komai. Sai na riƙa ɗaukarsa a babur ranar Asabar mu je gonata a hanyar Bakori. Ban tambaye shi komai ba. Muna cire ciyawa, muna zuba taki, ina ba shi labarin mahaifinsa tun muna samari, yadda ya zo neman aure, yadda yake son ƙwallo, yadda ya yi murna ranar da aka haife shi. Damina ta yi nisa, masara ta fara goyo, wata rana muna dawowa yana bayana a kan babur, ba ya ganin fuskata ba na ganin tasa, sai na ji ya ce, "Kawu, ni ne na kashe Baba?"

Na gangara gefen hanya na kashe babur. Ashe ranar da mahaifinsa ya yanke jiki ya faɗi, da safe ya aike shi kemis ya sayo masa maganin hawan jini. Shi kuwa ya tsaya kallon ƙwallo a fili, ko da ya dawo an riga an wuce da shi asibiti. Wannan ne yaron yake ɗauke da shi shi kaɗai, yana ganin duk wanda ya ji zai tsine masa, har mahaifiyarsa. A gindin wata bishiya ya yi kukan da ya kamata ya yi tun ranar jana'iza. Na ƙyale shi, hannuna a kafaɗarsa, ban ce ya yi shiru ba, ban ma ce ya yi haƙuri ba tukuna, sai da ya gama don kansa. Sannan na yi masa bayani dalla-dalla. Ciwon ya yi shekaru a jikin mahaifinsa, likita ya ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa, ƙwaya ɗaya ta safiyar nan ba ita za ta tare shi ba, kuma ajali in ya zo ba ya jiran ɗan aike. Na gaya masa ni ma na yi kuka daren rasuwar. Ya ɗago ya dube ni. "Kai, Kawu?" Na ce masa ni.

Bai warware a ranar ba. Fitsarin kwancen ya fara tsayawa, cin abinci ya dawo, zafin ran ne ya fi daɗewa. Abin da muka riƙa yi shi ne, in ya harzuƙa sai in jira ya huce, in tambaye shi, haushi ne, ko kewa ce, ko kunya aka ba ka a gaban abokai? Da farko sai ya ɗaga kafaɗa. A hankali ya fara zaɓa. Wani bincike da Matthew Lieberman da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles a 2007 ya nuna dalilin da ya sa wannan yake aiki. Sun nuna wa mutane hotunan fuskoki masu fushi ko tsoro suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu, suka ga in mutum ya ambaci sunan abin da fuskar take nunawa, sashen ƙwaƙwalwa da ke tayar da firgici yakan lafa. Yaron da ya iya cewa "kunya na ji" ya fi kusa da mallakar kansa fiye da wanda hannunsa kawai ya iya magana.

Na san abin da wasu iyaye maza suke cewa, don an faɗa min a taron iyaye da malamai: "Malam, so kake ka mayar mana da yara mata?" Maganar tana min ciwo ta fuska biyu, don tana koya wa yaro raina uwarsa da 'yan'uwansa mata, tana kuma ɗaukar taurin kai a matsayin ƙarfi. Amsar da nake bayarwa ita ce Sayyidina Abubakar. Nana A'isha da kanta ta ce mahaifinta mutum ne mai taushin zuciya, in ya tsaya limanci kuka ba zai bari mutane su ji karatunsa ba, amma Annabi (SAW) ya dage shi zai ja sallah. Ranar wafati, lokacin da jaruman sahabbai suka ruɗe, har Sayyidina Umar ya ƙi yarda an rasu, Abubakar ne ya shiga ya buɗe fuskar Annabi, ya sumbace shi, ya yi kuka, sannan ya fito ya tsayar da al'umma da ƙafafunta. Kuma Annabi ya faɗa cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi.

Sauraren yaro kuma ba shagwaɓa shi ba ne. Ɗan ƙanwata ban mayar da shi ɗan lele ba. Na saya masa awaki biyu na ce kiwonsu a wuyansa yake, dusa da harawa da sharar turke duk shi ne. Ɗaya ta mutu, ya ji zafi, ya faɗa, muka zauna muka duba me ya jawo, ya ci gaba da kiwon ɗayar. Ya faɗi lissafi, ban je na roƙi malaminsa ba, na ce ya kawo takardar mu ga inda ya ɓata. In ya doki ƙaninsa yana karɓar hukunci, don jin haushi ba laifi ba ne amma duka laifi ne, kuma yaro yana iya gane bambancin in an nuna masa. Ranar Juma'a mukan je maƙabarta ya yi wa mahaifinsa addu'a da bakinsa, ya ba da sadaka da hannunsa. Baƙin cikin ya samu aikin yi.

Wata masaniyar halayyar yara mai suna Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na jihar Hawaii a Amurka, tun suna jarirai har suka kai shekara 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun taso cikin talauci, rigimar gida, ko iyaye masu shaye-shaye ko taɓin hankali. A cikin waɗannan, kusan ɗaya cikin uku sun girma sun zama mutanen kirki masu riƙe kansu da iyalinsu. Da aka duba abin da ya bambanta su, sai aka ga kowannensu ya samu aƙalla babba guda ɗaya da ya riƙe shi da gaske, sau da yawa ma ba iyayensa ba, kaka ce ko gwaggo ko maƙwabci ko malami. Da yawansu kuma an ɗora musu wani aiki a gida wanda wasu suka dogara da shi. Da na karanta wannan, ɗakin kakata na tuna, da garken awakin da aka damƙa min ina yaro. Mun ce ɗa na kowa ne, kuma a wancan tsibirin mai nisa an auna an ga haka abin yake.

Akwai inda kawu da kaka ba za su isa ba, wannan ma ya kamata a faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma a duniya mazan da ke kashe kansu sun ninka mata fiye da sau biyu. In yaro ya yi makonni ba barci ba cin abinci, ya janye daga abokansa, ya daina abin da yake so, ko yana ji yana ganin abin da ba kowa ke gani ba, a yi addu'a a yi ruƙya, a kuma kai shi wurin likita, ɗaya ba ya hana ɗaya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, akwai Dawanau a Kano, mu nan kuma asibitin koyarwa na Shika a Zariya ya fi mana kusa. A watan Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta ba mai wannan larura haƙƙin a kula da shi da mutunci.

In kuwa yaro ya furta cewa gara ya mutu, kada a ce masa "a'uzubillahi, daina faɗin haka" a wuce. A zauna a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, tambayar ba ta sa masa tunanin a rai. A kwashe fiya-fiya da maganin feshin gona da ragowar magunguna daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.